Hapis na al'aura: bairos biyu da ke haddasa shi

A shagunan kemis da bakin masu tallar maganin gargajiya, kusan duk wani ƙurji ko ƙaiƙayi da ya fito a gaban mutum sunansa ɗaya: ciwon sanyi. Wannan jam'u yana ɓoye cututtuka daban-daban, kuma a cikinsu akwai hapis na al'aura, wanda ba bakteriya ke kawo shi ba. Bairos ne, shi ya sa antibayotik ba ya taɓa shi, komai tsadar ƙwayar.

Bairos ɗin iri biyu ne. HSV-2 shi ne babban sanadi, kuma ta saduwa yake yaɗuwa. HSV-1 kuwa shi ne mai fito da ƙurajen nan na leɓe da ake dangantawa da zazzaɓi. Yawanci tun ana yara ake ɗaukarsa, amma yana iya komawa al'aura idan baki ya taɓa wurin. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta fitar a Disambar 2024 sun ce mutum miliyan 846 masu shekara 15 zuwa 49 na ɗauke da cutar a 2020, kuma miliyan 520 daga cikinsu HSV-2 ne. Nahiyar Afirka ce kan gaba a yawan masu HSV-2, mata kuma sun fi maza kamuwa.

Abin da ya sa ba a rabuwa da shi yana cikin ɗabi'arsa. Da zarar ya shiga ta fata, sai ya bi jijiya ya laɓe a wani curin jijiyoyi kusa da ƙasan ƙashin baya, inda garkuwar jiki ba ta iya kawar da shi. Rashin lafiya, gajiya, damuwa ko al'ada kan tashe shi, ya dawo da ƙuraje masu ruwa da raɗaɗi. HSV-2 ya fi yawan dawowa. Yakan kuma fito saman fata ba tare da ƙurji ko ɗaya ba, mai shi ya shafa wa wani bai sani ba.

Nan ne ake zaluntar mata da yawa. Mutum na iya ɗauke da shi shekaru ba alama, saboda haka ɓullar ƙurji bayan aure ba hujja ba ce ta cin amana, ba ta kuma nuna wa ya kawo shi gidan. Zancen ɗaukarsa a masai shi ma ba shi da tushe, domin bairos ɗin ba ya daɗewa a wajen jiki.

HSV-2 yana ninka haɗarin kamuwa da HIV kusan sau uku. Jariri ma na iya ɗauka wajen haihuwa, musamman idan uwa ta kamu a ƙarshen ciki. Ba kasafai ake samun haka ba, amma yana iya kisa. Har yanzu babu rigakafi. Acyclovir da valacyclovir suna rage tsanani da yawan dawowarsa, kwaroron roba kuma yana rage yaɗuwa, sai dai ba ya rufe duk fatar da bairos ɗin ke fitowa.