Aikin Hannu a Makarantunmu, Daga Zamanin Ɗan Hausa

A 1976, shekarar da aka soma shirin ilimin firamare na UPE, aka sa ni aji ɗaya. Har yau in na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar kaba, ranar aikin hannu nake tunawa. Malam ya fitar da mu gindin darbejiya, kowa da abin da ya ɗauko daga gida: wani kaba, wani rama, wani curin yumɓu a tsumma. Mu tufka igiya, mu ɗaure tsintsiya, 'yan mata su ɗinka faifai. Mafici na farko da na saƙa ya karkace, amma kakata ta yi fifita da shi har ya mutu a hannunta.

Sai da na zama malami, na kai ɗalibaina ziyara Gidan Ɗan Hausa a Kano, na gane ashe darasin nan ya girmi ubana. Mai gidan, Hanns Vischer, haifaffen Basel ne a ƙasar Suwizalan. Da aikin mishan ya fara zuwa Arewa, daga baya ya koma ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka, har ya ratso Sahara daga Tarabulus zuwa Borno a 1906. Jin Hausarsa ne ya jawo masa laƙabin Ɗan Hausa. A 1909, zamanin Sarkin Kano Abbas, ya buɗe makarantar Nasarawa, makarantar boko ta gwamnati ta farko a Arewa. Akwai ajin malamai, akwai na 'ya'yan sarakuna, akwai kuma sashen sana'a inda ake koyon dukanci da ƙira da saƙa da kafinta da gini. Abin da ya fi kama mini hankali shi ne masu sana'ar gari aka jawo su koyar. Ai Kano ba ta taɓa rasa gwanaye ba: ga majema, ga dukawa, ga marina a karofin Ƙofar Mata, jar fatarmu kuwa tun tuni ayari ke kai ta Arewacin Afirka.

Ba na cewa don Allah Turawa suka yi. En'e na buƙatar kafintoci da magina masu arha, kuma tun daga tushe aka raba hanya: ɗan sarauta ga alƙalami, ɗan talaka ga gizago. Wannan rabon ya bar mana tabo. Ko da aka haɗe makarantun sana'a da na lardi aka yi Midil a wajen 1930, yaro ya riga ya gane cewa mai takarda ne ke zama akawu, ya sa farar riga, ya karɓi albashi. Ga shi kuma mu kanmu da namu rabon tun asali, ƙira gadon maƙera ce, jima ta majema, ba kowane uba ne ke son a ga ɗansa bakin zuga-zugi ba.

Da aka shigo da tsarin karatu na 6-3-3-4 a 1982, an yi niyya mai kyau. Aka ce kowane yaron ƙaramar sakandare ya taɓa aikin katako da ƙarfe da lantarki. Gwamnati ta yi odar injuna daga ƙasashen Gabashin Turai, irin su Bulgeriya da Hungari. Na ga nawa rabon da idona. A makarantar da na fara koyarwa, akwatunan suna jibge a wani ɗaki, babu wuta a garin, babu wanda ya iya haɗa su. Gara ta cinye katakon akwatin, tsatsa ta gama da na ciki. Mu kuwa muna zana zarto a allo da alli, yara suna kwafa a littafi, alhali ga kafinta nan bayan katangar makaranta yana ta yankan katako, muna jin ƙarar zartonsa daga aji.

A firamare ma sai abin ya lalace ta wata fuskar. Aka wayi gari yaro ya sayo tsintsiya a kasuwa ya miƙa a ba shi maki. Daga nan aka ce ma ba sai ya wahala ba, ya kawo kuɗin aikin hannu. Wannan ya fi akwatunan can yi mini ciwo, domin tun yaro bai san ciwon kansa ba mun nuna masa ana sayen yabon aikin da bai yi ba.

Amma hannun yaranmu bai mutu ba. Bayan kaka, ka leƙa kowane lungu ka ga motar kara, da ta gwangwani, da ta langa-langa mai dogon sitiyari. Almajiri shi ke feƙe alƙalaminsa, shi ke dafa tawadarsa da ƙaro. Babu wanda ya ba su maki. Yanzu kuma ga makarantun Amurka da Turai suna ware ɗakin ƙere-ƙere, suna tara wa yara kwali da waya da gam, wasu ma su zo mana da shi a taron bita kamar baƙon abu.

Shekara uku ke nan da na roƙi shugaban makarantarmu tsohon sito na share. Jarinmu almakashi huɗu, awartaki biyu, guduma, basilla, da buhunan kwali da murafen kwalba da yara ke tsintowa. Duk ranar Laraba wani dattijon baduku na unguwar yakan zo da ragowar fata. Da fari ya ƙi, ya ce me jahili zai koyar a makarantar boko. Na ce, "Baba, ai irinku aka fara da su a Nasarawa." Ya yi shiru, mako na zagayowa sai ga shi da jakarsa.

Larabar da ta wuce wata yarinya 'yar aji biyar ta haɗa fitila da gwangwanin madara, da batir biyu, da ƙwan tsohuwar tocila. Sau uku tana ƙin kamawa. Baba ya karɓa ya juya ta, ya ce shi bai san lantarki ba, amma a sana'arsa in ɗinki ya saki, bakin zaren ake fara dubawa. Ta kankare bakin wayar da reza, ta sake ɗaurawa, fitila ta kama. Baba ya ce ta bar masa ita zuwa gobe, zai ɗinka mata mariƙi na jar fata.