Rawar Soja da Bindiga: Asalinta da Yadda Ta Iso ga 'Yan Dokan En'e

Da yawa cikinmu, in muka ga soja sun yi sahu a filin fareti, ana saɓa bindiga ana saukewa da murya guda, sai mu ɗauka ado ne don a ƙayatar da manyan baƙi. To, ba don kallo aka ƙago abin nan ba, a bakin dāga aka haife shi.

A shekarar 1863 Glover ya tara Hausawa kaɗan a Ikko ya fara koya musu rawar soja. A 1897 aka ɗora wa Lugga kafa rundunar Afirka ta Yamma, kuma sojanta na cikin waɗanda suka yi fareti a Lakwaja ran 1 ga Janairu 1900, sa'ad da aka sauke tutar Kamfani aka ɗaga ta Ingila.

Kurtu ya kan fara da ƙamewa, gindin bindiga a ƙasa kusa da ƙafar dama. Sa'an nan ya koyi saɓa ta a kafaɗar hagu, da miƙa ta gabansa don gaisuwa, da kafa banati. Kowane motsi an rarraba shi da ƙirga, saje na tsaye yana tsawa, har hannu ya riƙa yi ba tare da shawarar zuciya ba. Dalili kuwa, bindigar Martini harsashi ɗai ɗai a kan ɗura mata. In kowa ya harba sa'ad da ya ga dama, sai a wayi gari duka bindigogi wofi ne, ga dawaki sun iso. Don haka sahun gaba su kan durƙusa, na baya su tsaya, ba mai taɓa kunama sai hafsa ya yi umurni. Sojan doki kuwa gajeriyar bindiga a kan ba su, gama doguwa ta kan sarƙe mahayi. Amma ba bisa doki su ke faɗa ba. Sauka su kan yi, su ja sahu huɗu baya da baya, dawaki a tsakiya.

A Kwatarkwashi, cikin Fabrairu 1903, aka ga ƙarfin wannan tsayuwa. Laftanan Wright da soja 44 suka gamu da rundunar Kanawa, wadda lissafin Turawa ya ce doki 1,000 ne da dakaru 2,000. Wajen sa'a biyu ana kai musu hari, sahu bai tsinke ba. Nan Wazirin Kano Ahmadu ya rasu. Kada wani ya ce Kanawa sun gaza jarunta. Mutumin da ya sukwano doki cikin ruwan harsashi, ya sake komowa, ai ba rago ba ne. Abin da ya kāshe su shi ne ƙirgan nan na filin bariki.

Shekara uku bayan haka, a Satiru kusa da Sakkwato, sai abin ya juya. Cikin Fabrairu 1906 Razdan Hillary ya wuce gaba don ya yi magana da mutanen garin, sojan doki suka matsa su kāre shi, aka auka musu sahu bai gama haɗuwa ba. Dawaki suka firgita, talakawa masu gatari da fartanya suka shiga tsakani. Turawa 3 da soja 25 suka mutu, aka kuma kwace bindiga mai ruwa. Cikin Maris aka komo da runduna babba, aka hallaka garin da ɗimbin mutanensa.

Ta hannun tsofaffin soja rawar nan ta shigo En'e. Da aka kafa 'yan doka dabam da dogaran Sarki, sai a kan nemi saje ko kofur da ya gama aikinsa ya hore su. Yawancinsu kulki su ke riƙewa, ba bindiga ba, amma ƙamewa da taku da sarawa duk na bariki ne, har umurnin ma da Turancin soja a ke ba da shi, ko da mai tsawar bai taɓa shiga aji ba.