Shin fim haja ne? Tarihin wata gardama da ta biyo ta Lugu

A watan Oktoban 2025 yarjejeniyar UNESCO kan kare al'adu ta cika shekara 20. A shekarar ce kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, wadda aka aza tubalinta a Yamai a 1970, zamanin Diori Hamani, kuma ƙungiyar tana cikin manyan waɗanda suka yi wa yarjejeniyar kamfe.

Asalin maganar rigima ce ta masu arziki. Tun 1946 Faransa ke kukan finafinan Amurka sun cinye mata gidajen silima. Da aka zo tattaunawar cinikin duniya ta zagayen Uruguay, Amurka ta ce fim haja ne kamar auduga, a buɗe masa kasuwa. Faransa ta kafe a 1993 cewa al'ada ba ta shiga wannan ma'auni, aka sa hannu a Marakesh a 1994 Turai ba ta buɗe ƙofar ba. Amma a 1997 Kanada ta sha kaye a gaban Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya kan kariyar da take ba mujallunta. Wannan kayen, a ganina, shi ya haifi yarjejeniyar 2005, domin ƙasashen sun gane gara su kai ƙara wata kotun. A UNESCO ƙasashe 148 suka amince, Amurka da Isra'ila suka ƙi.

Masu yabon Faransa suna cewa ta yi ne don kowa. Ni Lugu nake nuna musu. A can, cikin ƙasar Arewa ta Nijar, Sarauniya Mangu ta tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a Afrilun 1899. Abdoulaye Mamani ya mayar da labarin littafi a 1980, Med Hondo ɗan Muritaniya ya mayar da shi fim a 1986. A Burkina Faso ta Thomas Sankara aka ɗauke shi, ya ci babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a 1987, amma a gidajen silimar Faris bai yi wani daɗewa ba. Ƙasar da ke kare fim daga kasuwa ba ta yi ɗokin kare wanda ya tona mata asiri ba.

Wasu kuma sukan ce yarjejeniyar ce ta ceci harsunanmu a allo. Wanda ya zauna a Dogon Dutsi ko Tibiri ya san ba haka aka yi ba. Daga fitowar Turmin Danya a Kano a 1990, finafinan Hausa suka riƙa tsallako iyaka a kaset, daga baya a faifai, yau a cikin waya. Ba minista ko ɗaya da ya zauna kan wannan. Ƴan kasuwa ne da direbobi, har da masu kwafin sata, waɗanda suka yaɗa harshen suna kuma cin gumin masu shirya fim.

Takardar yarjejeniyar ma da sauƙinta. Sashe na 16 ya nemi ƙasashe masu arziki su sauƙaƙa wa mawaƙa da kayan al'adun ƙasashe masu tasowa, sai dai a tambayi mawaƙin da ya taɓa bin layin biza. Sashe na 20 kuwa ya ce ba ta soke wani alkawarin da ƙasa ta ɗauka a wata yarjejeniya.

Yanzu teburin ya matso gida. A Yamai aka ƙaddamar da kasuwar bai-ɗaya ta Afirka a Yulin 2019, a nan Najeriya ta sa hannu, kuma a 2023 aka amince da ɓangarenta na haƙƙin mallakar fasaha.