Kyallen Tebur na William Morris da 'Yarsa

A zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi mulkin Ingila daga 1837 zuwa 1901, al'adar masu hali ce su shimfiɗa kyalle mai ado bisa teburinsu. Da ganin kyallen baƙo ya kan san darajar gida, da kuma tsabtar uwargida.

A lokacin nan injuna sun cika ƙasar, suna saƙa tufafi da yawa cikin araha. Cikin 1856 kuma wani yaro mai suna Perkin ya gano yadda a ke fid da launin rini daga kwaltar gawayi. Launin nan yana da ƙyalli, amma ba ya jimrin rana. Masaƙa da marina da yawa suka bar sana'ar iyayensu, suka koma tsaron inji.

Wannan abu ya ɓata wa wani mai zane rai, sunansa William Morris, wanda aka haifa cikin 1834. A ganinsa, aikin da mutum bai ji daɗin yinsa ba, ba zai yi kyau ba. Cikin 1861 shi da abokansa suka kafa kamfani a Landan don yin kayan adon gida da hannu. Daga 1875 ya riƙa zuwa garin Leek wurin wani marini, Thomas Wardle, yana koyon rinin mutanen dā. Ya kan tsoma hannu cikin baba har ya yi shuɗi, kamar na kowane ɗan marina. Ja kuwa daga saiwar wani tsiro ya ke samunsa. Cikin 1881 ya kai ma'aikatarsa Merton Abbey, a bakin kogin Wandle, gama rini yana bukatar ruwa mai kyau.

Zanensa yawanci daga lambu ya ke ɗauko shi: furen wardi, da ganyen inabi, da rassan da su ke naɗe juna, da tsuntsaye. Amma kyallen tebur yawanci aikin allura ne, wannan kuwa ya faɗa hannun 'yarsa May. Cikin 1885, tana da shekara 23, aka danƙa mata sashen ɗinkin ado na kamfanin. Ita ke zana furanni, ita ke koya wa matan da su ke aiki ƙarƙashinta. Wani kyallen a kan sayar da shi gamamme. Wani kuma a kan zana shi kawai, a haɗa da zaren siliki, uwargida ta saya ta ƙarasa a ɗakinta.

To, sai dai a nan gizo ya ke saƙar. Morris ya so talaka ya sami abu mai kyau a gidansa, amma kyallen da mace za ta yi watanni tana ɗinki ba zai yi araha ba. Masu saye yawanci attajirai ne. Abin ya dame shi ƙwarai, har cikin 1883 ya shiga ƙungiyar masu neman haƙƙin ma'aikata, yana yawo yana wa'azi a tituna. Ya rasu cikin 1896 bai warware wannan ƙulli ba.

May ta rasu cikin 1938, kamfanin kuma aka rufe shi cikin 1940. An daɗe ana jingina aikinta ga sunan ubanta, sai daga baya masana suka bi takardu suka mayar mata da haƙƙinta. Kyallayen da suka tsira suna ajiye a gidajen kayan tarihi, kamar Victoria and Albert na Landan. Matan da suka ɗinka su kuwa, kaɗan ne aka riƙe sunansu.