Fili da Kilisa: Yadda Magabata Suka Hori Doki

'Yan'uwa mazauna Sabo, da yawa daga cikin yaranmu ba su san doki ba sai ranar biki, an ɗaura masa kaya yana rawa a gaban jama'a. To, a ƙasar Hausa ta dā makarantar doki biyu ce, wato fili da hanya, kuma ba a yarda doki ya horu ba sai ya bi ta dukkansu.

Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya kawo lifidi da sulke da kwalkwali. Dokin da zai ɗauki wannan nauyi ya kutsa cikin māsu, dole a koya masa aiki a fili. A nan yake sanin linzami, ya koyi juyawa a ƙuntataccen wuri, ya zabura a guje sa'an nan ya tsaya cak. Jahin da muke kallo ranar hawan Sallah ragowar wannan karatu ne. Amma linzaminmu mai kaifi ne, kowa ya sani. In kullum shi ke aiki, bakin doki sai ya mutu, ko kuwa ya zama mai zafin kai, da an taɓa shi sai tabarya da harbi.

Maganin wannan shi ne kilisa. Da la'asar sakaliya a fita da shi bayan gari, a sassauta masa linzami, ya taka yashi da burji, ya tsallake rafi, ya saba da jaki da raƙumi da kare mai haushi. Ba wasa ba ne ko kaɗan, domin yaƙin dā rabinsa tafiya ce ta kwana da kwanaki. Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) shi aka ce ya fara dawakin zage, waɗanda ake ja ba a hau ba, don in ɗaya ya gaji a sauya. Har a tsarin Sallar Kano abin yana nan: akwai Hawan Daushe a ƙofar fada, akwai kuma fita Fanisau ko Ɗorayi, inda sarki yake barin birni.

Mu da muke Kudu labarin ya shafe mu. Ƙarfin tsohuwar daular Oyo dawakai ne, kuma daga Arewa ake sayo su, saboda tsando ba ya barin doki ya yi tsawon rai a kurmi. Masu kula da su da yawa Hausawa ne, galibi bayi. Wajen 1840 mahayan Ilori, waɗanda suka gagara a sarari, suka kewaye Oshogbo. Mutanen Ibadan suka auka musu da dare, lokacin da doki ba shi da wani amfani, aka fatattake su. Wannan ne ya taka wa Ilori birki a yunƙurinta na kutsawa Kudu.

Yau dawakan da ke hannun mutanenmu a nan na folo ne ko na biki, irin Ojude Oba da ake yi a Ijabu Ode a rana ta 3 ta Babbar Sallah. Abin da ni dai ba na so, sai a bar doki a turke wata da watanni yana cin dusa da harawa, in biki ya matso a yi masa sukuwar kwana biyu, sa'an nan a tura shi cikin dubban mutane da ƙarar bindiga. In ya ka da mai gida ko ya tattake ɗan wani, yaron barga ake kamawa, kuma sau da yawa ɗanmu ne. Na san za a ce ina wurin kilisa a Ibadan, ga mota ga kwalta. Akwai hanyoyin gona a bayan gari, sai dai a fita da sassafe, a kuma nisanci bakin rafi mai duhuwa, don can tsando yake zama.