Tarihin Wuta Da Ƙarfe A Ƙasar Zamfara

Duk wanda ya san kasuwannin Anka da Gummi da Bukkuyum ya san rumfar maƙera. Tun daga nesa a ke jin amon masaba bisa uwar maƙera, yaro yana zuga, gawayi yana ja yana komawa fari. Sana'ar nan ta girmi garuruwan nan uku, ta kuma girmi sarautun da ke cikinsu. Ya kamata mu san tarihinta, mu kuma san abin da masana suka gano game da zafi, domin sanin nan ya shafi rayukan 'ya'yanmu.

Aikin ƙarfe ya daɗe ƙwarai a ƙasar nan. A wani wuri mai suna Taruga, kusa da Abuja, masu binciken kufai sun tono murahun dafa tama waɗanda aka yi aiki da su wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalamu. A Kano ma an sami shaidar ana dafa tama a Dutsen Dala tun ƙarni na 7, kuma labarin Kanawa ya ce Abagayawa maƙera ne da suka taso daga Gaya suna neman tama.

Daular Zamfara ita ma da ƙarfe ta tsaya. Sarakunanta sun zauna a Dutsi, sa'an nan a Birnin Zamfara, har wajen 1762 sa'ad da Sarkin Gobir Babari ya ci birnin, Gobirawa suka kafa Alƙalawa. Alƙalawa ta faɗi a hannun masu jihadi a 1808, daga baya gidan sarautar Zamfara ya tabbata a Anka. Cikin dukan zamanan nan, ko ana yaƙi ko ana zaman lafiya, ba mai iya rabuwa da maƙeri. Manomi na bukatar galma da hauya da lauje, mayaƙi na bukatar mashi da takobi da bakin kibiya, mai doki na bukatar linzami. Shi ya sa sarakunan Hausa su ke naɗa Sarkin Maƙera.

Ga yadda mutanen da su ke samun ƙarfensu. Su kan haƙo tama su farfasa ta, su sare itace mai tauri kamar ƙirya su toya gawayi. Sai su gina dogon murhu na yumɓu mai ƙofofin iska a gindi, su jera gawayi da tama ciki, hawa bisa hawa, su sa wuta. Tama 'yar'uwar tsatsa ce, watau ƙarfe ne da ya haɗu da wani sashi na iska. Iskar da gawayi mai ci ke fitarwa ita ke raba su. Bisa ma'aunin da ya sa ƙanƙara a 0, tafasar ruwa a 100, zafin murhun nan ya kan kai wajen digiri 1,200. Wannan ya isa ya narkar da dattin dutse ya zuba, amma bai isa ya narkar da ƙarfe ba, don shi sai a digiri 1,538 ya ke zama ruwa. Saboda haka a kan fid da shi curi guda, a yi ta ƙona shi ana duka har ya tsabtata. Dattin nan da ya daskare shi ne kashin maƙera da a ke tsinta a kufai.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903 al'amari ya soma sakewa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga baya ya bi ta Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Ƙarfen Turai da tsofaffin ƙarafan jirgi da na mota suka cika kasuwa da araha. Maƙeri ya ga ba dalilin ya sha wuyar haƙa da toyin gawayi, ga ƙarfe dafaffe a tsibi. Ta haka dafa tama ta mutu sannu a hankali, ƙira kuwa ta wanzu.

Maƙeran nan sun san wuta sarai a aikace. To, amma mene ne zafin kansa? Masanan Turai sun daɗe suna zaton wani irin ruwa ne marar nauyi da ke kwarara daga abu zuwa abu. A 1798 wani mai suna Rumford, wanda ke duba aikin huda igwa a birnin Munik na Jamus, ya lura muddin dawaki suna juya mahudi, zafi ba ya ƙarewa. Ya nutsa ƙarfen cikin ruwa, cikin awa biyu da rabi ruwan ya tafasa ba tare da wuta ba. Ya ce abin da ba ya ƙarewa haka ba ruwa ba ne, motsi ne. Daga baya, wajen 1845, wani Bature na Ingila, Joule, ya auna yawan aikin da ke haifar da wani gwargwado na zafi. Kakanninmu masu fid da wuta da ƙyastu sun riƙe bakin zaren nan, haka kuma maƙerin da ya san ƙarfe mai sanyi ya kan ɗumama in ya sha duka.

Sauran tambaya ita ce, mene ne ke motsin? A 1827 wani masanin tsirrai, Robert Brown, ya duba ɗan garin da ke fita daga ƙurar fure cikin ɗigon ruwa da madubin ƙara girma, ya ga yana ta rawa ba tsayawa. Sai a 1905 Einstein ya ba da dalili da lissafi: ruwa kansa tarin ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, kullum suna kai da kawowa, su ne ke bangazar garin. Wani Bafaranshe, Perrin, ya tabbatar da haka da gwaji a 1908. Watau kowane abu, dutse ko ruwa ko iska, ƙwayoyi ne masu motsi, kuma abin da mu ke kira zafi ƙarfin motsinsu ne.

In ka riƙe wannan, ya mai karatu, za ka gane hanyoyi uku da zafi ke bi, duk kuwa suna nan a maƙera. Ta farko, in aka sa kan ƙarfe a wuta, ƙwayoyinsa su kan girgiza na kusa da su, su kuma su girgiza na gaba, har zafi ya iso hannu. Ƙarfe na miƙa zafi da sauri, itace kuwa da nawa, shi ya sa a ke sa wa makoɗi da masassari ƙota, a ke kama gajeren ƙarfe da awartaki. Ta biyu, iska in ta yi zafi ta kan buɗe ta yi sauƙi ta tashi sama da zafinta, mai sanyi ta maye gurbinta. Don haka dogon murhu ya ke jan iska ta gindi, hayaƙi kuma ya ke tashi. Ta uku, abu mai zafi ya kan aika da zafinsa tamkar haske, ko ba a taɓa shi ba. Haka zafin rana ke iso mana, haka hucin gawayi ke dukan fuskar mai zuga. Launin ƙarfe ma awo ne: ja-ja wajen digiri 700, rawaya in ya wuce 1,000. Da ido maƙeri ke karanta shi, ya san lokacin duka, gama da zafi-zafi a kan bugi ƙarfe.

Akwai kuma abu na huɗu da kowace mace ta sani. Ruwan randa ya fi na bokiti sanyi, don yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, ƙwayoyinsa mafi saurin motsi su tsere cikin iska da zafinsu, a bar masu sanyi a ciki.

Yanzu mu komo ga ƙasarmu. An haƙi zinariya a Lardin Sakkwato a zamanin Turawa, musamman daga 1930 zuwa Yaƙin Duniya Na Biyu. Da kuɗinta ya hau ƙwarai wajen 2009, mutanen karkarar Anka da Bukkuyum suka koma mata. Suka riƙa kawo dutsen cikin gida, ana daka shi a turmi, ana niƙa shi a injin niƙan hatsi. Ashe dutsen nan cike ya ke da dalma. Gari mai laushi ba ya saurin kwanciya, iska mai kewaya ta kan yi yawo da shi, ya sauka a tsakar gida da kwanon abinci da hannun yaro mai rarrafe. A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yara suna mutuwa. Annobar ta taɓa Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum. Yara wajen 400 suka rasu, dubbai suka bukaci magani. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, aikin Bagega kuwa sai a 2013 aka yi shi.

Ban da dalma akwai zaiba, wadda a ke cuɗa garin da ita don ta kama zinariya, sa'an nan a ƙona curin. Zinariya ba ta narkewa sai a digiri 1,064, zaiba kuwa tana tafasa a 357, sai ta tashi ta bar zinariya. Mai ƙonawa ya kan ga kamar ta ɓace. Ba ta ɓace ba, ƙwayoyinta sun shiga iska ne kamar na ruwan randa, ba launi ba wari, iska mai zafi kuma ta ɗauke su zuwa hancin wanda ya sunkuya bisa wutar. Zaiba tana lalata ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da ƙoda.

Maganin abin yana cikin ilmin nan. Gari jiƙaƙƙe ba ya tashi, saboda haka a niƙa dutse da ruwa. A yi aikin nesa da gari, a yi wanka a sake tufafi kafin a shiga gida. Kada a ƙona zaiba cikin ɗaki ko kusa da mata da yara. Akwai rufaffiyar tukunyar ƙarfe mai bututu, inda tururin zaiba ke tarar da sanyi ya koma ruwa, a tara shi a sake aiki da shi, maƙeri kuwa yana iya ƙera ta.

Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Wanda Allah ya ba karatu, haƙƙi ne a kansa ya karanta wa maƙwabcinsa mai haƙar zinariya wannan bayani, ya kuma kai shi ga maƙerin garinsu. Allah ya tsare mana zuriya, ya ƙara mana ilmi mai amfani, amin.