Tarihin VPN Daga Bakin Matsalolinsa

Mai kula da kwamfutocin ofis, idan aka kira shi aka ce VPN ya ƙi haɗuwa, tambayoyinsa ba sa wuce uku ko huɗu. A gida kake ko a otal? Da wayarka ka haɗa ko da na'urar intanet ta ofis? Agogon kwamfutarka daidai yake? Wace lamba ta fito a allo? Mai kiran yana iya ɗauka jan rai ne kawai. Amma kowace tambaya daga cikin waɗannan ta samo asali ne daga wata cikas da aka ci karo da ita a wata shekara, aka sha wuya kafin a gane kanta. Tarihin VPN na shekara talatin yana nan a rubuce cikin saƙonnin kuskurensa, kuma wanda ya san tarihin ya fi saurin gano inda gizo ke saƙa.

Kafin intanet ta zama ta kowa, kamfanin da ke da reshe a garuruwa biyu sai ya yi hayar layi na musamman daga kamfanin tarho, layin da babu mai bi ta kansa sai shi. Akwai tsaro, amma kuɗin ba na wasa ba ne, kuma ma'aikacin da ke kan hanya ba shi da rabo, sai dai ya buga wa ofis waya ta modem ya biya kuɗin kiran nesa. Da intanet ta bazu a farkon shekarun 1990, sai tunani ya zo: me zai hana a bi ta wannan hanyar mai araha, amma a kulle saƙon yadda ba wanda zai karanta? Dabarar VPN ke nan, ta ambulan cikin ambulan. A rubuta wasiƙa, a rufe, a saka ta cikin wata ambulan mai ɗauke da adireshin ofis kawai. Masu kai wasiƙa ba sa ganin komai sai ta wajen.

A 1993 John Ioannidis da Matt Blaze suka gwada wannan a Amurka da wani tsari mai suna swIPe. A 1995 aka fitar da ƙa'idojin farko na IPsec. A 1996 kuma Microsoft da wasu kamfanoni suka fito da PPTP, wanda ya shiga cikin Windows ya zama VPN na farko da talakan ma'aikaci ya taɓa dannawa da hannunsa.

Matsalar farko ta fito ne daga inda masu zanen ba su sa ido ba. Adireshin intanet na tsarin IPv4 bai wuce biliyan 4.3 ba, kuma tun a lokacin an hango zai ƙare. Maganin da aka kawo a 1994 shi ne NAT: gida ko ofis ya samu adireshi ɗaya tak a idon duniya, na'urar da ke bakin ƙofa ta riƙa raba saƙonni ga kwamfutocin ciki. Tana gane mai kowane saƙo ne ta lambar ƙofar da ya fita. To PPTP yana buɗe magana ta ƙofa mai lamba 1723, amma ainihin kayan yana tura su ta wata hanya dabam mai suna GRE, wadda ba ta da lambar ƙofa ko ɗaya. Saƙo ya dawo, na'urar ta rasa wa za ta miƙa wa, sai ta yar. Abin da mai kwamfuta ke gani shi ne allo ya tsaya a kan ana tantance suna da kalmar sirri, ya yi ta jira, daga ƙarshe lamba 619 ta fito. Mutane da yawa sun yi ta sauya kalmar sirri a banza, alhali ba a can matsalar take ba. Tambayar nan ta «a gida kake ko a otal?» daga nan ta samo tushe, domin na'urar wani wuri ta iya da GRE, ta wani wurin kuwa ba ta iya ba.

IPsec ma ya faɗa ramin nan, har nasa ya fi zurfi, tunda an gina shi ne don ya ƙi duk saƙon da aka taɓa a hanya, NAT kuwa aikinsa ke nan taɓa adireshi. Sai a Janairun 2005 aka kammala ƙa'idar sulhu tsakaninsu, inda ake sake naɗe saƙon a tura shi ta ƙofar UDP mai lamba 4500. Duk da haka Windows ta ci gaba da ƙin haɗuwa idan ita kanta uwar garken tana bayan NAT, sai an shiga can cikin rajistarta an sauya wata ƙima da hannu. Lamba 809 ke nan, wadda har yau take tayar wa masu kula da ofisoshi hankali.

PPTP kuwa ajalinsa ta wani ɓangaren ya zo. A 1998 Bruce Schneier da wani masanin tsaro da aka fi sani da Mudge suka wallafa nazarin da ya nuna makullin Microsoft na da rauni ƙwarai. Kamfanin ya yi gyara, aka ci gaba da lallaɓawa. A 2012 Moxie Marlinspike da David Hulton suka nuna a taron DEF CON cewa da na'ura ta musamman ana iya fasa sabon makullin cikin kwana guda. A 2016 Apple ta cire PPTP daga iOS 10 da macOS Sierra. Ma'aikata suka sabunta wayoyinsu, suka wayi gari VPN na ofis ya ɓace daga jerin zaɓi gaba ɗaya. Babu abin da ya lalace a wayar. Ofisoshin ne suka yi shekara huɗu suna jin gargaɗi suna toshe kunne, kuma laifin yana wuyansu.

A 2001 James Yonan ya fitar da OpenVPN, manhajar da kowa ke iya duba cikinta ya yi amfani da ita kyauta. Yonan ya koyi darasi daga wahalar magabatansa. Ya tattara komai ya bi ta ƙofa ɗaya, yawanci UDP 1194, kuma idan an toshe ta ana iya komawa TCP 443, ƙofar da shafukan banki da na kasuwanci ke bi, wadda ba mai iya rufewa ba tare da ya rufe rabin intanet ba. Wannan ya kashe matsalar NAT, ya kuma haifo nasa 'ya'yan.

Na farko shi ne katin sadarwa na ƙirƙira. Don OpenVPN ya yi aiki a Windows a wancan lokaci, sai an girka wani direba mai suna TAP da zai sa kwamfuta ta ɗauka an ƙara mata katin sadarwa na gaske. Idan direban ya maƙale, ko wata manhajar VPN ta riga ta riƙe shi, ko sabunta Windows ya ture shi, manhajar ba za ta ma tashi ba, sai ta ce dukkan katunan suna cikin aiki. Magani bai sauya ba tun wancan lokaci: a kashe katin a kunna, in ya ƙi a cire direban a sake girkawa. Tsohuwar manhajar Cisco ma irin wannan ciwon ne ya kama ta, da lambarta 442, lokacin da mutane suka ci gaba da tilasta mata aiki a kan Windows 8 da 10 bayan kamfanin ya daina kula da ita. Na biyu shi ne izini. Daga Windows Vista, manhaja ba ta da ikon sauya hanyar da saƙonni ke bi sai da izinin mai gudanarwa, don haka OpenVPN yakan nuna kore, alamar ya haɗu, alhali ba abin da ke bi ta cikinsa. Sai a ƙarshen 2016, da fitowar siga ta 2.4, aka raba gardamar.

Na uku shi ya fi ba da mamaki ga wanda bai sani ba, wato agogo. OpenVPN yana tantance ɓangarorin biyu da takardar shaida, kuma kowace takarda tana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Kwamfutar da ƙaramin batirin cikinta ya mutu takan koma wata tsohuwar shekara duk lokacin da aka ɗauke wuta. A ganinta takardar ba ta fara aiki ba tukuna, sai ta ƙi ta. Saƙon da ya fi yawan fitowa a OpenVPN, na cewa musafaha, wato gaisuwar tantancewa tsakanin ɓangarorin biyu, ba ta kammala cikin daƙiƙa 60 ba, ba ya faɗin dalili: yana iya zama katangar tsaro, ko adireshin da ba daidai ba, ko takarda. Dole sai an buɗe kundin bayanan manhajar an bi layi-layi.

Akwai kuma matsalolin da ba ruwansu da irin manhajar. Ambulan ta biyu tana ƙara wa saƙo nauyi, hanyoyin intanet kuwa galibi ba sa ɗaukar ƙunshin da ya wuce bayit 1500. Sakamakon yana da ruɗarwa: VPN ya haɗu, gajeren saƙo yana wucewa, amma babban shafi ko fayil sai ya tsaya a rabi. Ana rage girman ƙunshin, komai ya daidaita. Haka nan idan gida da ofis duk suna amfani da jerin adireshin 192.168.1, wanda na'urori da yawa ke zuwa da shi daga masana'anta, kwamfuta za ta riƙa neman uwar garken ofis a cikin falon mai ita.

Jason Donenfeld ya dubi wannan tarin kaya ya yanke shawarar farawa daga tushe. WireGuard ɗinsa bai wuce layi 4,000 na rubutun manhaja ba, inda magabatansa ke da dubban ɗaruruwa. Linus Torvalds mai Linux, wanda ba a san shi da yawan yabo ba, ya yaba masa a fili a 2018, kuma a Maris 2020 aka shigar da shi cikin Linux 5.6, daidai lokacin da korona ta kora ma'aikatan duniya gida, uwar garken kamfanoni suka cika suka batse. WireGuard yana da sauri, yana kuma jure sauyawa daga Wi-Fi zuwa datar waya. Amma an gina shi ne ya yi gum ga duk wanda bai zo da makulli daidai ba. Wannan alheri ne ta fuskar tsaro, azaba kuma ga mai gyara, domin ba lambar kuskure, ba ƙorafi, manhajar tana nuna tana kunne ko da ba kowa a ɗaya ɓangaren. Abin dubawa ɗaya ne: yaushe aka yi musafaha ta ƙarshe? In ta wuce 'yan mintuna ana turawa ba amsa, ba a haɗe ake ba.

Duk wannan tarihin na ofisoshi ne. Talakawa sun san VPN ta wata ƙofar, ta hannun gwamnatoci. China ta fara gane zirga-zirgar OpenVPN tana datse ta tun wajajen ƙarshen 2012, kuma a 2017 Apple ta cire manhajojin VPN daga shagonta na ƙasar. A Chadi an toshe kafofin sada zumunta daga Maris 2018 har Yulin 2019, matasan Injamena suka koyi VPN dole, ga tsadar data. A Najeriya kuwa ranar ita ce 4 ga Yunin 2021, da ministan yaɗa labarai Lai Mohammed ya sanar da dakatar da Twitter bayan kamfanin ya goge wani saƙon Shugaba Muhammadu Buhari. Cikin kwanaki kaɗan, mutanen da ba su taɓa jin sunan abin ba suka sauke shi a waya, har batutuwan Najeriya suka riƙa tashe a jerin wasu ƙasashen Turai da Amurka, saboda can ne adireshin masu rubutun ya nuna.

Da wannan sai gyaran VPN ya sauko daga ofis ya shigo kasuwar waya, irin su Farm Centre a Kano. Mai waya zai miƙo ta ya ce data tana nan amma komai ya tsaya. Yaron shago zai fara duba saman allo ko ɗan makullin nan, alamar VPN, yana nan. «Alhaji, VPN nawa ka saka?» Sau da yawa biyu ne ko uku, Android kuwa guda ɗaya take bari ya yi aiki a lokaci guda. Wani lokaci an kunna zaɓin da ke hana duk wata haɗuwa in ba ta VPN ba, sannan uwar garken kyautar da aka dogara da ita ta mutu, wayar ta zama kurma. Wani lokaci tsarin tanadin batir ne ke kashe manhajar da zarar allo ya yi duhu. Wani kuma manhajar bankinsa ce ta ƙi buɗewa, don ta ga mai asusun da ke Kano da safe ya bayyana a Holan da azahar. Abin da ba a cika faɗa wa Alhajin ba, kuma ya kamata a faɗa, shi ne duk zirga-zirgarsa tana bi ta hannun mai VPN ɗin kyautar, wanda bai san ko wane ne ba.

Shekarar da aka dakatar da Twitter ta kuma nuna iyakar VPN. A Fabrairun 2021, bayan sanar da sakamakon zaɓen shugaban ƙasa, an katse intanet ta waya a Nijar na kusan kwana goma. A Satumba aka rufe layukan sadarwa a Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya abin ya shafi sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. A nan ba manhajar da ta yi rana. VPN yana kewaye shinge ne a kan hanyar da ke nan, in an ɗauke hanyar kuwa ba abin da zai bi, kuma mutanen Gusau sai da suka riƙa tafiya wasu garuruwan don su buga waya kawai.

An ɗage takunkumin Twitter ranar 13 ga Janairun 2022, kuma a Yulin shekarar kotun ECOWAS ta ce dakatarwar ta saɓa doka. A makon da 'yan Najeriya ke goge VPN daga wayoyinsu, ma'aikatan ofisoshi a faɗin duniya suna fama da nasu: sabuntawar da Microsoft ta fitar ranar 11 ga Janairu ta karya haɗin L2TP, tsarin da aka haɗa a 1999 daga PPTP da wata fasahar Cisco. Masu kula da kwamfutoci suka yi ta cire sabuntawar da hannu har kamfanin ya fitar da gyaran gaggawa bayan kusan mako guda. A Oktoban 2024 Microsoft ta sanar cewa za ta janye PPTP da L2TP daga sigogin Windows Server masu zuwa, ta shawarci kamfanoni su koma SSTP da IKEv2.